Maganganun da Ake Jingina wa Magabatan Amurka a Muhawarar Raba Addini da Gwamnati: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya bibiyi muhawarar da Amurkawa suke yi a kan matsayin addini a harkar mulki zai lura cewa ba a nisa da magana sai wani ya tono matattu ya kafa hujja da su. Wannan ya ce George Washington ya ce kaza, wancan ya ce Thomas Jefferson ya faɗi akasin haka, kowa riƙe da hoton dattijo mai furfura da kalmomi a gefen fuskarsa. Da yawa daga cikin kalmomin nan ba su taɓa fita daga bakin waɗanda ake jingina wa su ba, wasu kuma sun fita, amma an yanke musu kai ko ƙafa kafin su iso gare mu.

Me ya sa maganar mutanen da suka rasu kusan ƙarni biyu take da nauyi haka?

Dalilin yana cikin gajartar dokar kanta. Gyara na Farko da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791 ya ce majalisar tarayya ba za ta yi dokar kafa wani addini ba, ba kuma za ta hana kowa yin addininsa ba. Iyakar abin da ya faɗa a kan addini ke nan. Bai ce komai ba game da addu'a a makarantun gwamnati, ko kafa allon Dokoki Goma a harabar kotu, ko taimaka wa makarantun coci da kuɗin haraji. Da irin waɗannan shari'o'i suka fara zuwa gaban Kotun Ƙoli, musamman daga 1947, sai alƙalai da lauyoyi suka koma tambayar abin da marubutan dokar suka nufa. Hukuncin 1962 da ya hana addu'ar da hukuma ta tsara a makarantun gwamnati, da na 1963 da ya hana karatun Littafi Mai Tsarki a matsayin ibadar safe, sun ƙara hura wutar. Tun daga nan kowane ɓangare yake neman shaida daga magabata, kuma wanda ya nema bai samu yadda yake so ba, wani lokaci sai ya karɓi abin da aka miƙo masa ba tare da ya tambayi inda aka samo ba.

Shin kalmar "katangar da ta raba coci da gwamnati" tana cikin kundin tsarin mulki?

Ba ta ciki, amma ingantacciyar magana ce ta Jefferson. A ranar 1 ga Janairu 1802, yana shugaban ƙasa, ya amsa wasiƙar ƙungiyar 'yan Baftis ta garin Danbury a jihar Connecticut, waɗanda suka koka cewa a jiharsu ana kallon 'yancin addininsu tamkar alfarma, domin har lokacin jihar tana da cocin da take tallafa wa, kuma haka aka ci gaba har 1818. A cikin amsar ne ya ce Gyara na Farko ya gina katanga tsakanin coci da gwamnati. Kotun Ƙoli ta ambaci wasiƙar a 1879, sannan a 1947 mai shari'a Hugo Black ya mai da ita ginshiƙin fassara, a wata shari'a kan biyan kuɗin motar 'yan makarantun Katolika a New Jersey. Abin mamaki shi ne kotun ta yarda a ci gaba da biyan kuɗin, duk da tsayin da ta ce katangar tana da shi.

Daftarin wasiƙar yana nan a Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka, kuma a 1998 aka yi amfani da na'urorin hukumar FBI aka karanto kalmomin da Jefferson ya shafe da tawada. An ga cewa da farko katangar rabuwa "ta har abada" ya rubuta, daga baya ya soke wannan siffar. Kwana biyu bayan ya aika da wasiƙar kuma ya halarci sujadar Lahadi a zauren majalisar wakilai. Kowane ɓangare yana ambaton rabin wannan labari da ya yi masa daɗi.

Abin da babu shi sam a wasiƙar shi ne jimlar da aka yaɗa a shekarun 1990, wai Jefferson ya ce katangar mai fuska ɗaya ce, tana hana gwamnati taɓa coci amma tana tabbatar da koyarwar Kirista a cikin gwamnati. Wasiƙar gajeriya ce, ana karance ta cikin minti biyu, kuma wannan jimla ba ta ciki.

James Madison ya ce makomar Amurka ta rataya a kan Dokoki Goma?

Wannan ita ce uwar ƙagaggun maganganun da ake yawo da su. Ana cewa a 1778 Madison, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na huɗu, ya ce sun jingina makomar wayewar Amurka gaba ɗaya, ba a kan ƙarfin gwamnati ba, sai a kan iyawar kowane mutum ya mallaki kansa bisa Dokoki Goma na Allah. Masu tattara takardun Madison a Jami'ar Virginia sun bincika a farkon shekarun 1990, suka ce ba su ga wani abu mai kama da wannan ba a cikin rubuce-rubucensa, kuma ra'ayin ma bai yi daidai da abin da aka san shi da shi ba.

Ruwa dai ba ya tsami banza. A maƙala ta 39 cikin jerin maƙalun da aka rubuta don kare sabon kundin tsarin mulki, Madison ya yi maganar dogara da iyawar ɗan Adam wajen mulkin kansa. Ga alama a nan aka samo ƙashin jimlar, sannan wani ya ɗora mata Dokoki Goma a wutsiya. Madison na gaskiya shi ne wanda a 1785 ya rubuta takardar ƙorafi mai hujjoji 15 yana adawa da ƙudurin karɓar haraji don biyan malaman addinin Kirista a Virginia, shi ne kuma ya tsaya har majalisar jihar ta zartar da dokar 'yancin addini da Jefferson ya tsara, a 1786. Yana daga cikin hujjojinsa cewa tallafin gwamnati yana lalata addinin da kansa, domin ya ga abin da ƙarnoni na haɗa coci da sarauta suka haifar a Turai.

To Patrick Henry fa, wanda shi ne ya kawo ƙudurin harajin?

A nan lamarin ya fi wahalar ganewa, domin Henry, ɗan siyasar Virginia kuma ɗaya daga cikin jagororin neman 'yancin kai, Kirista ne mai riƙo da addini, kuma da gaske ya so gwamnati ta tallafa wa coci. Maganar da ake ba shi ita ce, wai wannan babbar ƙasa Kiristoci ne suka kafa ta, kuma a kan bisharar Yesu Almasihu aka kafa ta, ba a kan addinai ba. An gano asalinta a wata mujalla mai suna The Virginian, fitowar Afrilu 1956, wato shekara 157 bayan rasuwar Henry a 1799. Mujallar ta masu kare wariyar launin fata ce. Marubucin ya yi sharhinsa ne a kusa da wani yanki na wasiyyar Henry, inda da gaske ya rubuta cewa addinin Almasihu zai iya ba iyalinsa gadon da zai sa su zama mawadata na haƙiƙa. Da aka yi ta kwafa daga hannu zuwa hannu, sai iyakar da ke tsakanin sharhi da wasiyya ta ɓace, kalmomin marubucin 1956 suka koma bakin Henry. Wannan hanya ta haifar da ƙagaggun maganganu da yawa, kuma ba lallai ne a samu wanda ya zauna da niyyar yin ƙarya ba. Sakacin mai kwafa kaɗai ya isa.

Washington ya ce ba a iya mulkin ƙasa ba tare da Allah da Littafi Mai Tsarki ba?

Masu kula da gidansa na Mount Vernon sun sa wannan a jerin maganganun da ba nasa ba. Mafi kusa da ita da aka samu tana cikin wani tarihin rayuwarsa da James Paulding ya wallafa a 1835, shekara 36 bayan rasuwarsa, inda aka ruwaito shi yana cewa ba a iya tafiyar da duniya sai da taimakon Mahalicci. Babu maganar ƙasa a ciki, babu Littafi Mai Tsarki, kuma ita kanta ruwayar ba a faɗi wanda ya ji ta ba. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 an riga an ƙara mata gishiri ta zama yadda ake karanta ta yau.

Washington ya sha irin wannan tun bai daɗe a kabari ba. Mason Weems, mai wa'azi kuma mai tallar littattafai, shi ne ya ƙago labarin cewa Washington yana yaro ya sare itacen mahaifinsa ya ƙi yin ƙarya, kuma ta hannunsa labarin durƙusawar Washington yana addu'a a dajin Valley Forge ya yaɗu. Ko cewa ya ƙara "Allah ya taimake ni" a ƙarshen rantsuwarsa ta 1789, ba a gan ta a rubuce ba sai 1854. Mai neman hujja ta gaskiya kuwa ba ya buƙatar ƙanzon kurege, domin a jawabinsa na ban kwana na 1796 Washington ya ce addini da ɗabi'a nagari ginshiƙai ne da ci gaban siyasa ba ya tsayuwa sai da su. Sai dai shi ɗin ne kuma ya rubuta wa Yahudawan Newport a 1790 cewa gwamnatin Amurka ba ta goyon bayan tsangwama, kuma 'yancinsu haƙƙi ne, ba alfarmar da wani ɓangare yake yi wa wani ba.

Ke nan masu son shigar da addini cikin gwamnati ne kaɗai suke wannan aika-aika?

A'a, kuma wanda ya tsaya a kan ɓangare ɗaya bai yi adalci ba. Bambancin da na lura da shi shi ne ɗaya ɓangaren ya fi ƙwarewa wajen yanka fiye da ƙaga. Misali mafi bayyana shi ne John Adams, shugaban ƙasa na biyu, wanda ake cewa ya ce da babu addini da wannan duniya ta fi kowace kyau. Kalmomin suna cikin wasiƙarsa ga Jefferson ta 19 ga Afrilu 1817. Amma abin da ya rubuta shi ne, sau ashirin yana cikin karatu ya kusa furta haka, sai ya ga da ya furta da ya zama mai tsattsauran ra'ayi kamar wasu malamai biyu da ya sani tun yana yaro, sannan ya rufe da cewa in babu addini duniya za ta zama abin da ba a ambata a gaban mutanen kirki, wato jahannama. Wanda ya tsaya a rabin farko ya sa Adams ya faɗi abin da ya zauna musamman don ya ƙaryata.

Haka aka yi wa Jefferson da jimlar nan, wai addinin Kirista shi ne tsari mafi gurɓata da ya taɓa haskaka ɗan Adam. A wasiƙarsa ta Maris 1801 ga Joseph Priestley, masanin kimiyya da tauhidi, ya kira koyarwar Kirista mafi ɗaukaka kuma mafi jinƙai, amma wadda aka fi gurɓatawa, kuma yana ɗora laifin a kan malaman da suke cin abinci da ruɗar da mutane. An cire yabon, an kuma juya "wadda aka gurɓata" ta koma "gurɓatacciya". Shi wannan Jefferson ɗin, ɗaya ɓangaren ma yana yanka shi: suna kawo inda ya ce shi Kirista ne na gaskiya a wata wasiƙa ta 1816, su bar inda ya bayyana cewa yana nufin mai bin koyarwar Yesu ta ɗabi'a. A wasiƙar yana magana ne a kan ɗan littafin da ya haɗa ta hanyar yanko ayoyi daga Linjila yana liƙawa a farar takarda, kuma a babban kwafin da ya kammala daga baya ya bar mu'ujizai da tashi daga matattu a waje.

Benjamin Franklin kuma ana ba shi cewa hasumiyar haska wa jiragen ruwa ta fi coci amfani. Bai rubuta haka ba. A 1757, bayan jirginsu ya tsallake rijiya da baya a gaɓar Ingila, ya rubuta wa matarsa cewa da shi ɗan Katolika ne da wataƙila ya yi bakancen gina ɗakin ibada, amma tun da ba shi ba ne, in zai yi bakance to na gina hasumiyar haske zai yi. Raha ce ta mutumin da ya tsira daga nutsewa, aka mai da ita take.

Ina gaskiyar maganar cewa ba a kafa gwamnatin Amurka a kan addinin Kirista ba?

Wannan tana da asali mai ƙarfi, sai dai sau da yawa ana ba ta uban da ba nata ba. Ana rubuta ta a ƙarƙashin hoton Washington ko Adams kamar ra'ayin da ɗayansu ya furta, alhali sashe na 11 ne na yarjejeniyar da Amurka ta ƙulla da Tarabulus, zamanin Bashanta Yusuf Karamanli, don kare jiragen kasuwancinta a Bahar Rum. Wannan ita ce Tarabulus ɗin da fataken Kano da Borno suke kai fata da gashin jimina, kuma daga can ne ayarin Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon bincike, ya taso a 1822. An sa hannu a kan yarjejeniyar a Nuwamba 1796, Washington yana kan mulki. Majalisar dattawa ta amince ba tare da ƙuri'ar adawa ba a ranar 7 ga Yuni 1797, Adams ya rattaba hannu bayan kwana uku. Sashen ya ce tun da gwamnatin Amurka ba a kafa ta a kan addinin Kirista ta kowace fuska ba, kuma ba ta da gaba da dokokin Musulmi ko addininsu ko zaman lafiyarsu, to bambancin addini ba zai zama dalilin ɓata zumunci ba.

Akwai ƙulli a cikin lamarin. Rubutun Turanci na Joel Barlow ne, ƙaramin jakadan Amurka a Aljiyas. A 1930 masanin Larabci ɗan ƙasar Holan, Snouck Hurgronje, ya duba kwafin Larabcin, ya tarar babu sashe na 11 a ciki. A gurbinsa wata wasiƙa ce daga mai mulkin Aljiyas zuwa ga Bashan Tarabulus. Masu adawa da sashen suna kafa hujja da wannan, suna kuma nuna cewa yarjejeniyar 1805, wadda ta biyo bayan yaƙi tsakanin ƙasashen biyu, ta bar zancen addinin Kirista. Duka biyun gaskiya ne. Amma rubutun Turancin ne aka karanta wa sanatoci, shi suka amince da shi, shi kuma jaridu suka buga. Saboda haka, a ganina, daidai ne a ce majalisar dattawan 1797 ta amince da wannan jimla, kuskure ne a ce Washington ya faɗe ta, kuma wuce gona da iri ne a mai da takardar diflomasiyya ta zama fassarar kundin tsarin mulki.

Kotun Ƙoli ta taɓa cewa Amurka ƙasar Kirista ce?

Ta taɓa. Mai shari'a David Brewer ya rubuta haka a 1892, a wata shari'a kan ko dokar hana shigo da ma'aikata daga waje ta shafi fasto da wata coci a New York ta ɗauko daga Ingila. Yana bayanin al'adar jama'a ne don ya nuna majalisa ba ta nufi fastoci ba. Jimlar da ake liƙa wa wannan hukunci, cewa dole dokoki su ginu a kan koyarwar Mai Fansar 'yan Adam, ba ta cikinsa. Daga wani hukuncin kotun ƙolin jihar Illinois na 1883 aka ciro ta.

Yaya mai karatu zai tantance?

Mai karatun Hausa da ya zauna gaban malamin hadisi ya riga ya san tambayar farko, ko da yake darajar abubuwan biyu ba ɗaya ba ce: wa ya ji, daga wa, yaushe? Ingantacciyar magana ta magabatan Amurka kusan kullum tana zuwa da kwanan wata da sunan wanda aka rubuta wa, domin mutanen wasiƙa ne, kuma an adana wasiƙunsu. Tun 2013 hukumar adana takardun tarihi ta Amurka ta sa takardun Washington, Adams, Jefferson, Madison, Franklin da Hamilton kyauta a shafin Founders Online, inda mutum zai iya neman jimla ya ga tana nan ko ba ta nan. Gidajen tarihi na Monticello, gidan Jefferson, da Mount Vernon kuma kowanne yana da jerin maganganun da aka ƙaƙaba wa mai gidan.

Idan an samu jimlar, aikin bai ƙare ba, sai an karanta wadda ta gabace ta da wadda ta biyo ta, kamar yadda wasiƙar Adams ta nuna. Bayan isnadi kuma akwai matani. Ƙagaggiyar magana takan yi santsi fiye da kima, ta amsa tambayar zamaninmu daidai wa daida, da kalmomin da suka fi kama da na mai wa'azin rediyo ko ɗan jarida na ƙarni na 20. Mutanen ƙarni na 18 suna rubuta dogayen jimloli masu togaciya, kuma da wuya ka ciro ɗaya ba ta taho da abin da zai ɓata maka hujja ba. Wannan taka-tsantsan ya shafe mu kai tsaye, domin Najeriya ta ɗauki tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka a 1979, sashe na 10 na kundin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, kuma masu muhawara a kansa sukan aro misali daga Amurka.

Da aka bankaɗo su, sun daina yawo?

Hausawa suna cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma waɗannan furanni sun daɗe ba su bushe ba. David Barton, wanda littafinsa na 1989 ya taimaka wajen yaɗa maganar Madison da ta Henry, ya fitar da jeri a tsakiyar shekarun 1990 yana cewa ba a tabbatar da su ba, a daina amfani da su. A 2012 kamfanin Thomas Nelson, mai buga littattafan Kirista, ya janye wani littafinsa a kan Jefferson daga kasuwa, bayan wasu malaman jami'a Kiristoci, ciki har da Warren Throckmorton da Michael Coulter, sun bi shi suna nuna kurakurai. Maganar da ake jingina wa Bafaranshen nan Alexis de Tocqueville, cewa Amurka ta girma ne saboda nagartarta, ba ta cikin littafinsa na 1835 da 1840, amma ta shiga jawaban Eisenhower da Reagan da Bill Clinton.

A ranar 4 ga Yuli 2023, ranar bikin 'yancin kan Amurka, Sanata Josh Hawley na jihar Missouri, wanda ya karanta tarihi a jami'a, ya wallafa maganar mujallar 1956 a Twitter da sunan Patrick Henry. Masu amfani da shafin suka liƙa mata bayanin asalinta a ƙasa. Da aka matsa masa, sai ya kawo wata magana ta Daniel Webster, ɗan siyasar Amurka na ƙarni na 19, don ya nuna alaƙar Littafi Mai Tsarki da kafuwar ƙasar. An haifi Webster a 1782, shekara shida bayan shelar 'yancin kan.